Daktan Ɓeraye a Gidan Malam Kamilu

Ranar da Mas'udu ya sauka a Tsafe, cikin daminar 1998, yayarsa Ma'u ta yanka kaji biyu, ta kuma ƙudura a ranta cewa ba za ta yaɓa masa magana ko ɗaya ba sai ya huta gajiyar hanya. Ƙudurin bai kai azahar ɗin washegari ba.

Shekararsa goma sha bakwai a ƙasar Kanada, sau biyu kawai ya leƙo gida. A tsakanin nan innarsu ta rasu, mijin Ma'u ya rasu, ta ɗauko keken ɗinkinta ta dawo gidan ubansu. Shekara huɗu da suka wuce kuma hawan jini ya kayar da Baba, wato Malam Kamilu, a bakin rumbu, ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Hannun hagu lafiyarsa lau, amma tsohon ya ƙi cin abinci da shi. Mutumin da ya shekara saba'in yana hana yaran gidansa ci da hagu ba zai fara yanzu ba. Don haka Ma'u ce ke ba shi a baki, ita ke juya shi, ita ke fassara wa masu gaisuwa gurnanin da yake yi. Shi kuwa Mas'udu yana aiko da wasiƙu masu kyan takarda, da hotonsa cikin farar riga yana murmushi kusa da wata na'ura.

Kafin rana ta ɗaga labari ya zaga gari cewa likitan ƙwaƙwalwa ya iso. Da hantsi zaure ya cika. Akwai mai farfaɗiya, akwai wata tsohuwa da aka ɗauko tun daga 'Yandoto da ciwon kai na shekara shida, akwai wani magidanci da ya zo a duba masa matarsa don ta cika mantuwa da gishiri. Ma'u ta laɓe bayan ƙofa tana jin ƙanenta yana ba su haƙuri da wata irin Hausa mai ɗingishi. Ya ce shi dakta ne na bincike, ba ya duba marasa lafiya, ba ya allura, ba ya rubuta magani. Mutane suka watse suna kallon gidan kamar an sayar musu da jabun kaya.

Da ya shigo ta ajiye masa fura, ta zauna a bakin keke.

"Dakta," ta ce, don daga ranar ta daina kiransa da sunansa, "in ba mutane kake dubawa ba, mi kake dubawa?"

"Ɓeraye, Yaya."

Ta ɗan jira ko zai yi dariya. Bai yi ba. Sai ma ya gyara zama, idonsa ya yi haske.

"A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su riga sun zama komai ba. Kamar yadin da ba ki yanka ba ne, yana iya zama riga, yana iya zama wando. Da can an ɗauka babba ba shi da irinsu. Mu muna neman yadda za a sa su maye gurbin abin da ya lalace. Kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da rubutun da aka gada daga iyaye. Ni aikina in canza harafi guda a rubutun ɓera, in ga abin da zai faru."

"To mi ke faruwa?"

"Yawancinsu mutuwa suke yi."

"Sannu da ƙoƙari. Mu nan da tarko muke kashe su, ko aji ɗaya ba mu yi ba."

Ya yi dariya, ta ƙi taya shi. Daga nan ya fito da takardu biyu daga jaka. Ta farko daga wata jami'a ce a can Kanada, sun ba shi babban muƙami, zai shugabanci ɗakin bincike nasa na kansa da mutum takwas a ƙarƙashinsa. Ya ce irin kujerar da mutum ke furfura yana jira ce, kuma suna son amsa kafin watan Agusta ya ƙare. Ta biyu daga Gusau take. Wasu 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata sun kafa kwamiti, suna son sabuwar jiha ta samu cibiyar binciken kimiyya tata, shi ne suke son ɗan ƙasa ya dawo ya riƙe ta.

"Ta Gusau nake so," ya ce, yana kallon ɗakin Baba. "Na daɗe a waje."

Ma'u ta karɓi takardar ta duba sunan shugaban kwamitin, sai ta ji wani daɗi na mugunta ya ratsa ta. Alhaji Buba na Bungudu ne, wan marigayi mijinta, dillalin auduga da dabbobi. Ta san shi tun tana amarya. Ta ce ita ma za ta raka Dakta, don kada a yi wannan biki babu ita.

Ranar Litinin suka bar Baba a hannun Hasana, ɗiyar Ma'u da ke aure a maƙwabta, suka shiga bas ta Gusau. Ofishin kwamitin yana saman wani shagon taya. Sakataren, wani Malam Anas mai biro uku a aljihu, ya tarbe su da hannu biyu. Ya nuna musu allon cibiyar, dogo ne har ya ƙi shiga ƙofa an jingine shi a kan matakala, an yi masa fenti kore da zane na wani mutum yana leƙa madubin likita. Ya nuna musu zanen ginin, hawa uku da wurin ajiye motoci arba'in. Ya karanta wa Mas'udu sunan muƙaminsa, Babban Darakta kuma Shugaban Manyan Masu Bincike, sai da ya tsaya ya ja numfashi a tsakiya.

"Manyan masu binciken su nawa ne?" Mas'udu ya tambaya.

"Da kai, ɗaya ke nan, ranka ya daɗe."

Mas'udu ya ce aikin yana son wutar lantarki da ba ta yankewa dare da rana, da ruwa tatacce, da firiji mai sanyin da ya ninka na ƙanƙara, da ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Malam Anas yana rubutawa yana gyaɗa kai. Da aka zo kan firiji ya ajiye biro da alfahari, ya ce wannan kam an riga an saya. Ya buɗe shi a gabansu. Lemun kwalba ne a ciki da ƙullin nonon wani, babu ko alamar sanyi, don tun shekaranjiya ba a kawo wuta ba.

"Ka gani, Dakta," in ji Ma'u, "rabin aikin an gama."

Kafin a gina hawa ukun, an ce cibiyar za ta fara zama a Bungudu, a wani gini da shugaba ya bayar kyauta. Suka sake hawa mota. Alhaji Buba ya tarbe su a ƙofar gidansa, ya tambayi Ma'u jikin Malam, ya riƙe hannun Mas'udu ya ƙi saki har suka isa ginin. Sito ne na auduga. Rabinsa har yanzu buhuna ne jibge, kwanon rufi ya huje a wuri uku, ruwan daren jiya ya kwanta a tsakar ɗaki. Wani abu ya gifta a guje ta bayan buhu.

"Kayan aikinka ma sun riga ka zuwa," Ma'u ta ce a hankali.

Alhaji bai ji ba, hankalinsa na wani wuri. Ya ja su bayan siton, inda aka ɗaure wani rago a inuwar ɗorawa. Ko Ma'u sai da ta yi tasbihi. Fari ne fat, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ƙaho ya murɗe sau biyu, yana kallonsu sheƙeƙe. Alhaji ya ce sunansa Minista, don ba ya cin dusa sai an haɗa masa da wake.

"Dakta, bara na ji a rediyo Turawa sun ɗauki tunkiya sun buga ta kamar takarda, ta fito biyu. Tun ranar na ce wa 'yan kwamiti, abin da munka rasa ke nan. Ga Minista. Ni ba ni da haɗama, talatin nake so kafin babbar Salla."

Mas'udu ya ce waɗancan mutanen sun gwada kusan sau ɗari uku kafin ɗaya ta rayu, da kayan aikin da babu su a ƙasar nan, kuma ma ba fanninsa ba ne, shi ƙwaƙwalwa yake bincike.

"Su ai ba su san dabba ba," in ji Alhaji. "To goma fa?"

"Ko ɗaya ba zan iya ba, Alhaji."

Alhaji ya saki hannunsa. Ya dube shi daga hula zuwa takalmi, sannan ya juya ga Ma'u.

"Ma'u, shekara nawa kunka ce ya yi can?"

"Sha bakwai, Alhaji."

"Allah Sarki. To ba komai. Ranar buɗewa dai ya yi mana jawabi da Turanci, manyan baƙi za su zo."

A mota Ma'u ta shirya maganganu kala-kala, amma da ta ga ƙanenta ya jingina kai da gilashi yana kallon gonakin gero, sai ta riƙe su. Sun wuce Gusau kafin ya buɗe baki. Ya ce duk da haka zai zauna. Zai fara da kaɗan, ya koyar a makaranta, ya nemi taimako daga waje.

Sai da suka isa gida, Ma'u ta dama kunu ta zauna gaban Baba da ludayi, sannan ta yi tambayar da ke cinta tun ranar da ya zo. Ba ta dube shi ba.

"Wannan yadin naka da ba a yanka ba. Baba yana da shi?"

"Wataƙila yana da shi."

"To ka ɗinka masa."

Mas'udu ya girgiza kai.

"Abin da nake yi ba zai kai ga Baba ba, Yaya. Ko a ɓera ba mu gama ganewa ba. In Allah ya sa an dace, wataƙila jikokin Hasana su amfana."

Ta ci gaba da ba tsohon kunu. Shekara huɗu tana gaya wa kanta cewa ƙanenta yana can yana haɗa maganin ubansu, shi ya sa ba ta taɓa rubuta masa cewa ta gaji ba.

Shi kuwa ya zauna a bakin gado yana kallo. Ƙuda ya sauka a gwiwar Baba, sai Mas'udu ya sunkuya da sauri. Ya ce ta duba hannun dama. Yatsu biyu sun motsa, kaɗan, kamar mai son tsinke zare. Ma'u ta ce ai sun daɗe suna haka, ba wani abu ba ne.

"Abu ne babba. Yaya, ki daina ba shi a baki."

Ta ajiye ludayin.

Ya yi mata bayani. Ya ce a jami'arsu akwai masu aiki da irin su Baba, ya sha zama yana kallonsu. Hannun bai mutu duka ba, ƙwaƙwalwa ce ta saba da rashinsa, tunda hagu na yin komai, abin da hagu ya bari kuma Ma'u na yi. In aka naɗe hagun na wasu sa'o'i kowace rana, aka tilasta wa daman aiki, wani lokaci sauran ƙwaƙwalwar kan koyi aikin ɓangaren da ya lalace. Bai yi alkawari ba, ya ce wani lokaci.

"Wato ni na shanye masa hannu."

"Ke kika raya shi. Ban ce haka ba."

"Shekara huɗu ina kwasar abin da ba ka taɓa gani ba, kai kana can kana wa ɓeraye gyaran rubutu. Ka zo kwana biyar ka gano laifina. Lallai karatu ya yi rana."

Ta tashi ta shige ɗaki. Washegari da safe ita da kanta ta fito da wani tsohon ɗankwali ta jefa masa a cinya. Ta ce ta ba shi kwana goma, don ta ga ƙarshen ilimin Kanada da idonta.

Suka naɗe hannun hagun Baba a ƙirjinsa, suka ajiye masa ƙwarya da ludayi a dama. Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi ɗiyarsa, ya yi wani gurnani wanda Ma'u ta fahimta sarai amma ta ƙi fassarawa. Kwana uku hannun bai yi komai ba. Mas'udu yana zaune daga hantsi zuwa azahar, yana ɗora yatsun a kan ludayi suna zamewa, yana sake ɗorawa. In lokaci ya cika sai a kwance, Ma'u ta ba shi abinci tana harare-harare. Labari ya fita gari. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron maburgi don su ga ɗan da ya je Turai ya dawo yana ɗaure ubansa. Wata ta ce da ma an ce masu karatu da yawa haka suke ƙarewa. Ma'u ta ce mata ta kwantar da hankali, nata 'ya'yan ba sa cikin haɗari.

A rana ta tara Baba ya kai maƙura. An ajiye masa kunun gyaɗa yana tururi, yunwa na cinsa, ɗansa na ce masa a sake gwadawa. Fuskarsa ta haɗe, jijiyar wuyansa ta tashi, sai hannun daman ya zabura ya ture ƙwaryar. Kunu ya malale a tabarma har ƙafar Mas'udu. Su ukun suka tsaya suna kallon hannun. Baba ya fi kowa mamaki.

Ma'u ta je ta ɗauko tsumma. Tana goge tabarma tana share ido da bayan hannu, ta ce kunun da ta ɓata safiya tana damawa ne aka zubar, kuma ba wanda zai ce mata sannu. Kwana goma suka cika ba ta yi zancen daina ɗaurin ba. A rana ta goma sha shida ludayin ya tashi daga ƙwarya ya kai haɓa kafin ya kife.

Saura kwana biyu wata ya ƙare Ma'u ta sami Mas'udu a zaure yana rubutu. Ta tambaye shi mi yake yi, ya ce yana ba mutanen Kanada haƙuri ne. Yanzu da hannun ya fara, ba zai tafi ya bar ta ba.

"Ka bar ni da mi? Ƙullin ɗankwali? Na fi ka iya ƙulli tun kana tsumma." Ta zauna a kan dakali. "Ka saurare ni, Mas'udu. In ka zauna, wata shida za ka yi kana hawa matakalar shagon taya, daga nan ka fara zama majalisa kana ba mutane labarin ƙanƙara. Na ga irinku. Ni kuma in samu marasa lafiya biyu a gida. Abin nan da kake yi ban gane shi ba, kuma har gobe ina ganin wauta ne babba da kai ya wuni da ɓera. Amma ka ce wasu za su amfana, kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Je ka yi shi inda akwai wuta."

"Baba fa?"

"Shiga ka tambaye shi."

Ya shiga ya durƙusa ya faɗa masa komai. Baba ya saurara idonsa a rufe. Da ya gama, tsohon ya ɗaga haɓa ya nuna ƙofa. Mas'udu ya juyo yana neman fassara. Ma'u ta ce ko dai ya sa masa albarka ne, ko kuma ya gaji da ganin mai ɗaure shi, duka biyun dai hanya ɗaya suka nuna.

Washegari suka tafi Gusau, suka wuni a wani shagon buga waya layi yana shiga yana fita. Sai bayan la'asar takardar amsarsa ta karɓar muƙamin Kanada ta wuce ta na'urar fakis. Ya biya ta ofishin kwamiti don ya yi sallama, Malam Anas ya ce ba komai, da ma Alhaji ya riga ya ba surukinsa kujerar, mutum ne mai difloma a harkar kasuwanci. Bayan sati biyu Mas'udu ya tafi. An buɗe cibiyar a watan Nuwamba da rumfuna da makaɗa, aka kafa allon a gaban siton, aka ci shinkafa aka watse.

Ma'u ta ci gaba da ɗaurin kullum, ba fashi sai ranar Juma'a. Zuwa azumi Baba yana cin tuwo da hannunsa, rabi a baki rabi a riga, wanki ya ƙaru mata ninki biyu. Ƙafar ba ta dawo ba. Magana ma kalmomi kaɗan ne suka dawo, wadda ta fi fita sosai kuwa ita ce a'a, kuma yana amfani da ita daga safe har yamma.

Bayan ƙaramar Salla Ma'u ta kira Hasana ta rubuta mata wasiƙa zuwa ga Mas'udu, don idonta ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe. Ta ce a rubuta cewa gero ya yi kyau, rufin ɗakin Baba yana son gyara kafin damina, kuma a aiko da irin takalmin roba mai taushi lamba tara. Hasana ta tambaya ko a sa cewa ana kewarsa. Ma'u ta ce takarda ta kusa cika, a bar wurin adireshi. Suna cikin haka Baba ya miƙo hannu yana nuna biron. Hasana ta saƙala masa shi tsakanin yatsu, ta riƙe masa takardar a kan faifai. Ya daɗe yana fama, ya ja wani karkataccen layi daga tsakiyar shafi har ya fita gefe, ya huda takardar a ƙarshe. Hasana ta ce bari ta sake kwafewa a sabuwa.

"A'a," in ji Baba.

Ma'u ta karɓa ta linke, ta sa a ambulan, ta lasa bakin ta manne. Ta yafa mayafi ta ce wa Hasana ta kula da tukunya, za ta kai gidan waya kafin su tashi.